Amsar Wasiƙunku: Gudawar Yara Da Matar Da Ta Gano Ƙwayar Rota

  A wannan mako wasiƙu uku muka ware, domin ko da yake daga wurare dabam-dabam suka fito, duk a kan magana ɗaya suka taru, watau gudawar ƙananan yara da rigakafinta.

Ta farko daga wani mai sayar da hatsi ce a yankin Gumel ta Jihar Jigawa, wanda ya ce a sakaya sunansa. Ya ce mai ɗakinsa ta kai jaririnsu rigakafi bayan ta yi arba'in, sai ban da ɗigon shan-inna da aka saba, aka ɗiga masa wani kuma a baki, aka ce mata sunansa rota, rigakafin gudawa ne. Yana so ya san mene ne rota ɗin nan, wa ya gano shi, kuma don me sai yanzu aka kawo shi. Ya ƙara da cewa mahaifiyarsa ba ta gamsu ba, ta ce gudawar yaro ai haƙori ne, haƙori kuwa ba shi da rigakafi.

Ta biyu wata baiwar Allah ce ta aiko daga yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Ta ce ɗanta ya sha ɗigon nan bai tsallake ko ɗaya ba, amma da ya kai wata goma sai ga shi ya yi gudawa ta kwana biyu. To, in ji ta, ina amfanin rigakafin? Ta ukun kuwa wani makiyayi ne daga yankin Wase ta Jihar Filato, yana tambaya ko zawon da ke kashe musu maruƙa shi ne ke kama yara.

To, mun gode muku duka. Amsar ukun nan tana cikin labarin wata mace ɗaya, don haka sai ku gyara zama.

Sunanta Ruth Bishop, mutuniyar ƙasar Ostareliya. An haife ta ran 12 ga watan Mayu 1933 a wani gari da ake kira Dandenong, kusa da birnin Melbourne, mahaifinta kuwa malamin makaranta ne. Ta yi karatu a Jami'ar Melbourne a fannin ƙananan halittun nan da ido ba ya iya gani, har ta sami digiri na uku a 1961. Ku lura, ita ba irin likitar da ke duba mara lafiya ta rubuta masa magani ba ce. Aikinta a ɗakin bincike yake, inda ake kai jini da bayan-gida a duba a gano abin da ya kawo cuta. A shekarun 1960 ta kama aiki a babban asibitin yara na Melbourne, a sashen da ke kula da cututtukan ciki da hanji.

A zamanin nan, duk shekara da sanyi ya shigo sai ɗakunan asibitin su cika da jarirai masu amai da zawo. Kada ku manta, wannan ƙasa ce mai ruwan famfo da masai na zamani, amma duk da haka gudawar ba ta bar su ba. Abin da ya fi damun likitoci shi ne, in an ɗebi bayan-gidan yaran an auna, a mafi yawansu ba a ganin komai. Ga yaro nan yana zubar da ruwan jikinsa, ga takardar awo ta ce babu cuta.

Kafin mu ci gaba, bari in bambanta muku abubuwa biyu, domin a nan ne gizo ke saƙar. Ƙwayoyin cuta iri-iri ne, amma manyan guda biyu su ne bakteriya da bairos. Bakteriya ana iya ganinta da madubin likita na yau da kullum, ana iya renonta a faranti ta hayayyafa, kuma kafso irin na kashe ƙwayoyin cuta yana kashe ta. Bairos kuwa ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ba ya hayayyafa sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar jikin mutum ko dabba, kuma kafson nan ba ya yi masa komai. Ruth Bishop gwanar bakteriya ce, ta kuma yi shekaru tana nemanta a cikin yaran nan ba ta samu ba.

Abokan aikinta likitoci, a ƙarƙashin shugaban sashen, Dokta Rudge Townley, suna da wata dabara ta zura siririn tiyo ta bakin yaro har farkon ƙaramin hanji, su tsinko ɗan mitsitsin nama daga bangon hanjin. Da aka duba naman sai aka ga bangon ya ci rauni ƙwarai. Kamar dai manomi ne ya je gona da safe ya tarar an yi masa ɓarna, amma babu sawun dabba ko ɗaya. Daga nan ta ce lallai mai ɓarnar ya fi ƙarfin madubin da ke hannunta. A 1973 wani matashin likita, Geoffrey Davidson, ya tsinko naman daga yaran da cutar ke kan ganiyarta a jikinsu, aka aika wa wasu masana biyu a Jami'ar Melbourne, Ian Holmes da Brian Ruck, masu wani ƙaton madubi mai aiki da lantarki wanda ke girmama abu sau dubbai. Suna dubawa sai ga ƙwayoyin bairos maƙil a cikin bangon hanjin. Cikin yara tara da aka duba, an same su a jikin shida. A watan Disamba na shekarar suka buga sakamakon a mujallar likitoci ta Ingila mai suna The Lancet.

Ba a jima ba masu bincike a wasu ƙasashe suka duba nasu yaran, kowa ya ce shi ma ya gani. A 1974 wani likita a birnin Birmingham na Ingila, Thomas Flewett, ya raɗa wa ƙwayar suna rota, wanda a harshen Latin ke nufin ƙafar keke, domin a madubi haka take, da'ira ce da 'yan wayoyi a ciki. Ƙanƙantarta kuwa, in aka jera sama da 14,000 a layi ɗaya, da ƙyar za su cika milimita guda, watau ɗan tsakanin nan mafi ƙanƙanta a jikin rula ta 'yan makaranta. To Malam na Gumel, ka ji asalin sunan.

Yanzu me take yi a cikin yaro? Duk wanda ya taɓa wanke kayan cikin akuya ko na saniya ya san tawul, ya ga yadda bangonsa ke da 'yan tsiraye. Ƙaramin hanjin mutum ma yana da irin 'yan tsirayen nan, sai dai sun fi siranta, kuma su ne ke tsotse ruwa da amfanin abinci su kai cikin jini. Rota kan shiga ta baki, ta sauka a kan 'yan tsirayen, ta hayayyafa a cikinsu har su lalace. Bugu da ƙari tana fitar da wani dafi da ke sa hanji ya riƙa tsiyayo ruwa maimakon ya tsotse. Bayan kamar kwana biyu da shigarta sai zazzaɓi da amai su fara, sannan gudawa tsararo kamar ruwa ta biyo baya, ta yi kwana uku zuwa takwas. Ku riƙe wannan da kyau: ƙarewar ruwan jiki ita ce ke kashe yaro. Hanjin da kansa yakan sake sabon bango cikin 'yan kwanaki, muddin dai yaron ya rayu ya kai lokacin.

Yadda take yaɗuwa kuwa abin mamaki ne. A ɗan kashin yaro mai cutar akwai ƙwayoyi biliyoyi, alhali 'yan kaɗan sun isa su kama wani. Tana iya kwanaki a jikin tabarma ko kofi ko abin wasa ba ta mutu ba. Shi ya sa kafin a sami rigakafi kusan kowane yaro a duniya sai ya gamu da ita kafin ya cika shekara biyar, ɗan talaka da ɗan mai kuɗi, ɗan ƙauye da ɗan birnin Turai. Bambancin shi ne ɗan Turai akan garzaya da shi asibiti a ɗaura masa ruwa ya tashi, namu kuwa sau da yawa kafin a sami abin hawa an makara. A ƙasashenmu na Afirka ta Yamma cutar ta fi tsananta a lokacin hunturu.

Sai mu koma ga maganar Iya, mahaifiyar mai wasiƙarmu. Malam, ka gaishe ta, ka ce mata abin da idonta ya gani gaskiya ne: yara sukan yi gudawa a lokacin fitar haƙora. Amma haɗuwa ce kawai aka yi a hanya. Haƙori kan fara fitowa wajen wata shida. A daidai lokacin ne garkuwar da jariri ya gado daga jikin uwarsa ke raguwa, a lokacin ne ake fara ba shi kunu da ruwa, a lokacin ne kuma yake fara rarrafe, duk abin da hannunsa ya kai sai baki, musamman da dasashi ke masa ƙaiƙayi. Rota kuwa ta fi yi wa yara illa daga wata shida zuwa shekara biyu. Haƙori kan sa yawan dalala da rigima, amma gudawa tsararo da amai har yaro ya yi laushi, wannan cuta ce mai suna. Haɗarin cewa haƙori ne shi ne a zauna ana jira ya fito, ruwan jikin yaro kuwa yana ƙarewa.

Gano ƙwayar kaɗai ya isa a riƙa tuna Ruth Bishop, amma aikinta na biyu shi ne ya buɗe ƙofar rigakafi, shi ne kuma amsar Malama ta Maraɗi. Ita da abokan aikinta sun lura cewa a ɗakunan haihuwa na Melbourne akwai wani nau'in rota mai sanyin hali da ke kama sababbin jarirai, amma yawancinsu ko ciwo ba sa yi. Sai ta tambayi kanta, shin wannan kamuwa ta farko tana koya wa jiki wani abu? Ita da Dokta Graeme Barnes da wasu suka zaɓi jarirai 81, 44 sun kamu tun suna sababbin haihuwa, 37 ba su kamu ba. Suka yi ta bibiyarsu har shekara uku, suna auna jininsu da bayan-gidansu, suna rubuta duk ciwon da ya same su. Aiki ne na haƙuri, irin na mai dashen itace.

A 1983 suka bayyana abin da suka samu. Cikin kowane rukuni, fiye da rabi kaɗan sun gamu da rota a shekarun nan uku, watau kamuwar farko ba ta hana ta biyu ba. Amma waɗanda suka taɓa kamuwa suna jarirai, da ta dawo musu sai ta zo da sauƙi, wasu ma ba a san ta zo ba. Waɗanda ba su taɓa saninta ba su ne suka sha wuya. Bayan shekara 13, a 1996, wani bincike da aka yi kan yara 200 a ƙasar Meziko ya ƙarfafa maganar: yaron da ya kamu sau biyu, ba ta ƙara kayar da shi da tsanani.

Ma'anar wannan ita ce, jikin ɗan Adam yana da masu gadi, su ne likitoci ke kira garkuwar jiki, kuma da yawansu a bangon hanji suke zaune. Mai gadin da bai taɓa ganin fuskar ɓarawo ba, kafin ya farga an kwashe rumbu. Wanda ya san fuskarsa kuwa, ko ya haura katanga ba zai tafi da abin kirki ba. Ɗigon rigakafi rota ce da aka raunana, ko kuma irin mai sanyin halin nan, ana ɗiga wa jariri a baki don ta bi hanyar da ta gasken ke bi, masu gadi su gan ta su shaida ta tun kafin mai ƙarfin ta iso.

Saboda haka Malama, ɗanki da ya yi gudawar kwana biyu ya tashi, wannan ba ya nuna ɗigon ya faɗi. Da farko dai, ba rota kaɗai ke sa gudawa ba, akwai bakteriya iri-iri da wasu ƙwayoyin da ɗigon bai shafe su ba. Na biyu, ko da rotar ce, aikin ɗigon shi ne ya hana irin mai tsananin da ke kai yaro gadon asibiti ko kushewa. Kuma ke kina da shaida a kusa da gida. A Madarunfa, nan yankinku na Maraɗi, ƙungiyar likitocin nan ta Médecins Sans Frontières da hukumomin lafiya na Nijar sun gwada wani ɗigon rota da aka yi a Indiya, mai jure zafi na watanni ba tare da firji ba, a kan jarirai sama da 3,500. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ya rage gudawar rota mai tsanani da kimanin kashi 67 cikin 100. Watau cikin yara uku da za su kwanta magashiyyan, biyu sun tsira. Gaskiya ne ƙarfin ɗigon a ƙasashenmu bai kai yadda yake a Turai ba, amma da yake cutar ta fi yi mana ɓarna, rayukan da yake ceta a nan sun fi yawa.

To, don me sai yanzu? Tsakanin gano ƙwayar a 1973 da samun rigakafin da duniya ta karɓa a 2006, shekara 33 ce. A nan ne kuma shanu suka shigo labarin, sai makiyayinmu na Wase ya kasa kunne. Tun a 1969 wani likitan dabbobi a Jihar Nebraska ta Amurka, Charles Mebus, ya gano wata ƙwaya da ke sa maruƙa zawo. Daga baya aka gane 'yar'uwar ta yara ce, dangi ɗaya suke. Sai dai ta shanu ta fi sabawa da shanu, in ta shiga jikin mutum ba ta da kuzari sosai. Wannan rauni nata shi ne ya zama amfani: a farkon shekarun 1980 aka gwada ta shanun a kan jarirai a ƙasar Finland a matsayin rigakafi, har yau kuma wasu daga cikin ɗigon da ake amfani da su, ciki har da wanda aka gwada a Madarunfa, gauraye ne na rotar shanu da ta mutane. Don haka Malam, zawon maraƙi yana da sanadi da yawa, rota na ciki, amma yaro ya fi ɗaukar tasa daga yaro ɗan'uwansa. Duk da haka a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa maraƙi mai zawo. Kuma ku makiyaya kun fi kowa sanin maraƙin da bai sha dakashi ba ba ya ƙarko. To haka jaririn mutum yake. Nonon farkon nan mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, cike yake da garkuwa, a bar jariri ya sha.

Hanyar ba ta rasa tuntuɓe ba, kuma ya kamata ku sani. A 1998 aka fitar da rigakafin farko a Amurka mai suna RotaShield, amma a 1999 aka janye shi, domin an ga kimanin jariri ɗaya cikin 10,000 hanjinsa kan shige cikin kansa, kamar hannun riga da ya koma ciki. Wannan ya mayar da aikin baya da shekaru. Kamfanoni biyu suka sake sabon shiri, kowanne ya gwada nasa a kan jarirai sama da 60,000 kafin a amince da shi, a 2006 aka fitar da Rotarix da RotaTeq. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba kowace ƙasa shawarar ta sa shi cikin rigakafin yara. Sudan ta fara a 2011, Ghana a 2012, Nijar da Kamaru a 2014, Nijeriya kuwa sai a watan Agusta 2022. Tsada da ƙarancinsa na cikin abin da ya jinkirta shi, har sai da kamfanonin Indiya suka fito da nasu mai rahusa. Ɗaya daga cikinsu, Rotavac, an samo shi ne daga wani nau'i mai sanyin hali da aka gani a jikin jarirai a wani asibiti a birnin Delhi, daidai irin abin da Ruth Bishop ta gani a Melbourne. Nata nau'in ma ba a bar shi ba: almajiranta sun mai da shi rigakafi mai suna RV3-BB, haruffan ƙarshen nan biyu na sunan Bishop da Barnes ne, aka gwada shi a Indonesiya tun daga makon haihuwa, sakamakon da aka buga a 2018 kuma ya yi kyau.

Domin ku ga girman abin da ake magana a kai, ga ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. A shekara ta 2000 rota ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 528,000 a duniya. A 2013 adadin ya sauko zuwa kimanin 215,000. Ba ɗigo kaɗai ya kawo wannan ragi ba, ruwan gishiri da sukari da kyautatuwar jinya sun taimaka ƙwarai. Amma abin da ya shafe mu shi ne, cikin mace-macen 2013 ɗin nan, kashi 14 cikin 100 a Nijeriya suka auku, Indiya ce kaɗai ta fi mu. Kun ga ashe magana ce ta cikin gidajenmu.

Yanzu ga abin da ya rage gare mu. A Nijeriya ana ɗiga rota sau uku, a mako na shida da na goma da na sha huɗu, tare da sauran rigakafin da aka saba, kyauta ne kuma a asibitocin gwamnati. A sauran ƙasashe a bi abin da katin yaro ya nuna. Maigida, ko ranar kasuwa ta faɗo daidai da ranar rigakafi, ka ba da kuɗin mota a kai yaron, kasuwa tana dawowa mako mai zuwa. Kada a jinkirta, domin amfaninsa a riga cutar isa ne. Shigewar hanjin nan da na ambata tana iya faruwa da ɗigon yanzu ma, amma da wuya ƙwarai, 'yan ƙalilan ne cikin jarirai 100,000. Duk da haka in cikin makon da aka ɗiga jariri ya riƙa tsala ihu yana naɗe ƙafafu zuwa ciki, yana amai, ko aka ga jini a kashinsa, a kai shi asibiti a ranar.

In kuwa gudawa ta riga ta zo, da ɗigo ko babu, magani na farko ruwa ne. A samo ƙunshin garin gishiri da sukari na asibiti, a dama shi a tsabtataccen ruwa gwargwadon yadda aka rubuta a jikinsa, yawanci lita ɗaya. In babu shi, a zuba shafaffen ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce. Kada a ƙara gishiri da sunan ya fi ƙarfi, yawansa illa ne. A riƙa ba yaro da cokali kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a dama sabo. Sirrin haɗin nan shi ne sukari kan ja gishiri ya ratsa bangon hanji, gishiri kuma ya ja ruwa, ko da hanjin ya ji rauni. A haɗa da ƙwayar zinki kullum har kwana goma zuwa sha huɗu, ma'aikacin lafiya zai faɗi gwargwadon da ya dace da watannin yaron. Kada a janye nono, kada a hana abinci. Kafso ja-da-rawayan nan da ake saya a tire a kasuwa a ɓare a zuba wa yaro, kun dai ji ba ya taɓa bairos, asarar kuɗi ce da ɓata lokaci, wani sa'i har da cutarwa.

Ga kuma alamun da in an gan su ba a kwana a gida: idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, yaro ya daina fitsari ko yana kuka ba hawaye, an ja fatar cikinsa ta ƙi komawa da sauri, ya kasa shan nono, ya yi lis ba ya motsi, ko kuwa akwai jini a kashin. Faɗawar maɗiga ƙishirwa ce ta jiki, shafa mata magani a ka ba ya ɗago ta, ruwa ne ke ɗago ta.

Ruth Bishop ta yi shekaru tana aiki da kwamitocin Hukumar Lafiya ta Duniya kan cututtukan gudawa, ta kuma horar da masu bincike daga ƙasashe da dama. A 2011 ƙasar Tailan ta ba ta lambar yabo ta Yarima Mahidol, a 2013 kuma ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar Florey ta ƙasarta. Ta rasu ran 12 ga watan Mayu 2022, ranar da ta cika shekara 89 cif, wata uku kafin Nijeriya ta fara ɗigon. Masana kan auna junansu da yawan takardun da mutum ya rubuta da yawan waɗanda suka ɗora a kan aikinsa, ita kuwa ta cika wannan mudu. Amma mu mutanen karkara muna da namu mudun, shi ne yaron da ya wuce shekara biyu lafiya har ya fara bin babansa gona. Iyaye mata, ku tura 'ya'yanku mata makaranta, kun ga dai abin da 'yar malamin makaranta ta yi wa duniya.

To jama'a, nan za mu dasa aya a wannan mako. Mai tambaya kan noma ko kasuwa ko lafiya sai ya rubuto mana kamar yadda aka saba, a taƙaita, a kuma rubuta sunan gari sosai. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.